Maratayin Gafakar Malam Jinaidu

Ranar da Sahabi ya fara ganin Ashatu, korarta ake yi daga rumfar dukawa a kasuwar Sakkwato.

Shekara tara ke nan da zuwan Nasara. Tun da Turawan Bariki suka gano jar fatar garin nan, dukawa suka daina ganin talaka da gashi. Daga matashin kai sai jakar Bature, su kaɗai ake ɗinkawa.

Ashatu ta durƙusa gaban Dodo, babban badukun layin, ta miƙa masa gafaka, jakar fatar da mahaifinta Malam Jinaidu ke sa Alƙur'aninsa a ciki.

"Baba Dodo, maratayin ne yat tsinke. Malam yac ce a taimaka a sake mai wani."

Dodo ko kai bai ɗaga ba. "Ki dawo bayan Salla."

"Wace Salla, Baba?"

"Wadda kig ga dama."

'Yan zaman rumfa suka kwashe da dariya. Manya da gemu, suna yi wa ɗiyar mutane dariya don ta kawo aikin da ba na Bature ba.

Sahabi na tsugune a gefe, inda ya saba. Ɗan mahauta ne daga Runjin Sambo. In ya gama fiɗa da safe sai ya wanke jikinsa tas, ya zo ya tsuguna yana kallon hannun dukawa. Ba wanda ya taɓa koya masa ko yankan tsinke. A gida yana da kwando cike da guntayen fata, da tsohuwar aska, da wata ƙusa da maƙeri ya dasashe masa bakinta. Sha'awa ce kawai Allah ya ɗora masa, 'yan uwansa na ce masa mahaukaci.

Ya bi ta har bakin layi.

"Ɗiyar Malam, tsaya in auna."

Ta waiwayo ta dube shi sama da ƙasa. "Kai baduku ne?"

"Mahauci ne ni."

"To mi ya haɗa mahauci da gafaka?"

"Tun ba ta zama gafaka ba, fatar ta hannunmu tab bi."

Ta so ta ɗaure fuska, dariya ta ƙwace mata. Ya tsinko kaba ya auna tsawon tsohon maratayin.

"Allah ya sa ka iya, badukun aro," ta ce, ta wuce.

Sunan ya bi shi har gida, kuma bai ji haushinsa ba.

Mako uku ya yi a kan wannan maratayi. Ya zaɓi fatar jar akuya wadda ya feɗe da hannunsa, ko tabon wuƙa guda babu, ya kai wa majema suka jeme ta da bagaruwa. Ya yanko ta faɗin yatsu uku, ya shafe ta da man gyaɗa. Ya daka karan dafi, jan karan dawar nan da ake rini da shi, ya jiƙa a ruwan toka, ya goga sau uku har fatar ta yi ja wur. Sannan ya riƙa ɗan jiƙa ta yana danna ƙusarsa, layi bayan layi, yana fitar da zangarniyar shinkafa, don Ashatu ta gaya masa ba abin da Malam ke so bayan karatu kamar fadamarsa. Sau guda ƙusar ta zame ta yagi fuskar fatar. Bai tsaya yin maho ba, ya jefar ya sake daga farko.

Gwaggonsa Inno ce ke kai musu saƙo, don tana yawo da ƙwaryar fura gida gida a Ƙofar Kware. Ba ta rage kalma, ba ta ƙarawa.

"Yac ce in gaya miki: Shatuna, zangarniya goma sha biyu niy yi yau, kowace da sunanki nike danna ta. In kin ji hannunki na ƙaiƙayi, nawa ne ke ciwo."

"Gwaggo, ki ce mai: badukun aro, ka bar zaƙin baki ka kula da aiki. Amma ka ci abinci. An ce mini ka rame, kuma ban so."

Da Inno ta ɗan taɓa wa Malam zancen aure, amsa guda ya ba ta: "Ban kai ɗiyata gidan da ake kwana ana tashi cikin ƙarnin jini." Shi da ke cin nama duk ranar Juma'a! Sai ka ce daga bishiya ake tsinko masa shi.

Akwai kuma Na'Allah, ɗan Dodo, wanda ke kai kaya Bariki, yana taƙama da wani takalmi da kukun Bature ya ba shi. Sau biyu yana aika wa Ashatu goro tana mayar masa. Sahabi bai san da wannan ba. Shi a wautarsa, ranar da ya gama ja wa zanen baƙin layi, ya ɗinke gefe da gefe, sai ya kai wa Na'Allah ya duba masa.

"Ɗan'uwa, kai ka gada. Akwai abin da ya rage?"

Na'Allah ya juya maratayin, ya murza shi da babban yatsa, ya dubi yatsan, ya yi maza ya dunƙule hannu.

"Ya yi. Ka kai shi hakanan, kada ka ƙara mai komi."

Ya gani. Wallahi ya gani, ya yi shiru.

Malam Jinaidu ya daɗe yana shafa zanen da aka kawo masa. Ya ƙirga zangarniyoyin, ya duba ɗinkin ta baya.

"Wa yay yi wanga aiki?"

Ashatu ta sunkuyar da kai. "Ɗan ɗan'uwan Inno mai hura ne, Baba."

Malam ya sake shafa zanen. Can ya ce, "Hannun da yay yi wanga shina da haƙuri. Ya zo ya gaishe ni ran Asabar. Gaisuwa nic ce, ba wani abu ba."

Asabar ɗin ba ta zo da alheri ba, don ran Alhamis aka gayyaci Malam saukar Alƙur'ani a sadakar bakwai ta wani dattijo. Bazara ce, rana kamar ta dafa mutum. Ya sa farar rigar da ya gada daga mahaifinsa, ya rataya gafaka da sabon maratayi, ya taka a ƙasa har can. Aka yi sauka. La'asar ta yi, aka ce Malam ya ja salla. Ya sauke gafaka, ya shige gaba, ya ɗaga hannu zai yi kabbara.

"Malam! Jini ga rigarka!"

Na'Allah ne, daga sahu na biyu. Mutumin da ba ya zuwa sadakar kowa, ranar nan har da sammako.

Jan layi ne tun daga kafaɗa har ƙugu, gaba da baya, zufa ta baza shi. Malam ya dubi kansa, ya ja da baya. Ba a ja salla da najasa. Wani ya shige gaba, shi kuma ya tsaya a gefe, tsoho da furfurarsa, jama'a na salla suna satar kallonsa.

Kafin magariba labari ya gama unguwa. Wai ɗan mahauta da jinin yanka ya rina. Wai asiri ne don ya juya kan Malam ya sami ɗiyar. Wai jinin baƙin bunsuru. A kan abin da ake rataya littafin Allah! Matan da Sahabi ke ƙara wa tsoka a kan awo, su ne suka fara tofar da yawu in ya wuce. Ba wadda ta ce bari a tambaye shi.

Washegari Inno ta zo masa da saƙo, fuskarta a murtuke.

"Tac ce: Sahabi, Baba bai ci ba bai sha ba tun jiya. Ya ce gobe zai kai ka gaban alƙali. Ka gaya mini gaskiya don girman Allah, da mi kar rina shi?"

Ba ta ce badukun aro ba. Wannan ya fi yi masa ciwo a kan alƙalin.

Ya zauna daɓas a bakin turmi. "Gwaggo, har ita?"

"Har ita mi? Ubanta anka kunyata gaban jama'a, kana so ta yi maka guɗa? Ka ba ta amsa, in tahi."

"Ki ce mata: Shatu, karan dafi ne da ruwan toka. In akwai ɗigon jini guda ciki, kada Allah ya nuna mini ranar da zan sake ganinki. Ban san abin da yas sa ya zuba ba. Amma ban yi miki ƙarya, ko za a yanka ni."

Inno ba ta tsaya a kai saƙo ba. Da hantsin Asabar ta dire ƙwaryar furarta a tsakiyar rumfar dukawa, a kan wata jaka da ake ɗinka wa matar Bature.

"Dodo, tashi."

"Ke Inno, lahiya?"

"Lahiyar ke nan. Shekara arba'in kana shaƙar fata, ka san jini ka san rini. Ka tashi mu tahi zauren Malam ka hwaɗi abin da hancinka yag gaya maka, ko in zauna nan in yi ta kiran sunan uwarka har Baturenka ya zo ya iske mu."

Dodo ya san ta. Ya tashi.

Zauren Malam ya cika. Sahabi na durƙushe a bakin ƙofa, ba wanda ya matsa masa wuri. Na'Allah na jingine da bango. Ashatu na bayan zana tana ji. Malam ya tura wa Dodo maratayin da bakin sanda, ko taɓa shi ba ya son yi.

"Tsakaninka da Allah, Dodo. Mi ne ne wanga?"

Dodo ya ɗauka, ya shinshina, ya ɗan lasa. Ya dubi zanen, ya daɗe yana dubawa fiye da yadda tambayar ke buƙata. Sannan ya dubi ɗansa, kallon da ya sa Na'Allah ya gyara tsayuwa.

"Allah gafarta Malam, karan dafi ne. Babu jini. Ba a gama shi ba ne. Akwai abin da ake yi wa jar fata daga ƙarshe, shi bai yi ba. Duk ɗan baduku da ya murza shi da yatsa zai gane."

"Na kai wa Na'Allah ya murza," in ji Sahabi. "Yac ce kada in ƙara komi."

"Ƙarya ne! Ni ban..."

"Rufe mini baki," in ji Dodo.

Sahabi ya matso. "Baba Dodo, don Allah mi ake yi mai?"

"Wanga kuma gadonmu ne. Na hwaɗi gaskiya don an haɗa ni da Allah. Sana'a kam ban ba ka. Ka taɓa ganin na zo mahauta neman wuƙa?"

Malam ya yi ajiyar zuciya. Maganar alƙali ta mutu, amma kunyar da ya sha ba ta mutu ba.

"Yaro, na zarge ka da abin da ba ka yi ba, Allah ya yafe mini. Amma ka kawo mini aiki rabi kac ce ya ƙare. Mai yin haka da fata zai yi da aure. Ɗauki abinka. Farar riga guda ta rage mini, ta Idi. Juma'a ta sama zan sa ta, in rataya wanga, in taka da tsakar rana har fadama in dawo. In ta fito fara, ka turo manyanka. In ta yi ko ɗigo, kada in sake jin sunanka bakin kowa a gidan nan."

Kwana goma sha uku. Ba baduku guda a Sakkwato da zai buɗa masa baki, Dodo ya riga ya gargaɗe su.

Ya gwada ruwan zafi a kan guntun fata, jan ya koɗe ya koma kamar ƙasa. Ya gwada gishiri, fatar ta bushe ta tsage. Ya gwada kitse, ya gwada ƙaro. Kowanne in ya goga farar auduga sai ta fito da ja. Kwana biyar suka tafi a haka. Ya daina zuwa mahauta, mahaifinsa na ta faɗa. Idanunsa suka faɗa ciki.

Ran na shida Inno ta shigo da sauri har fura na zuba, ta ciro lemun tsami uku daga bakin zanenta.

"Tac ce: badukun aro, ka yafe mini tambayar da niy yi maka. Kwana shida ina wankin rigar Baba. Sabulu na fitar da jan kaɗan kaɗan. Jiya nim matsa lemun tsami a wuri guda, ina zaton zai cire shi. Sai jan ya ƙara haske, ya kama zaren, ko dirza nike ba ya motsi. Rigar Baba kam na ƙarasa ta. Amma in tsami na kama shi ga tufa, gwada ga fata. Ka ci abinci."

Sahabi ya karɓi lemun da hannu biyu. Ya zuba musu ido.

"Kuka za ka yi ko aiki?" in ji Inno.

Ya gwada a guntu. Jan ya tashi, ya yi kyan da bai taɓa yi ba. Ya ɗauraye, ya sake ɗaurayewa, har ruwan ya fito garau. Auduga ta fito da ɗan ja kaɗan. Ya sake, ya haɗa da jiƙon tsamiya. Ta fito fara.

Sai dai maratayin da ya sha ruwa haka, zanensa ya kwanta, zangarniyoyin suka kumbura suka dushe. Dole ya bi su ɗaya bayan ɗaya da ƙusarsa tun fatar na da danshi, a kan tsohon layi daidai, don in ya kauce ko da faɗin gashi zanen ya zama biyu. Kwana uku yana wannan. Ya shanya a inuwa. Ya shafa man shanu kaɗan, ya goge da santsin dutsen gulbi har fatar ta riƙa ɗaukar ido. Sauran kwanakin ya ɗaura farin ƙyalle a kafaɗa, ya ɗora maratayin, ya riƙa dakon cinyar sa a rana daga mahauta zuwa kasuwa. Mutane na cewa haukan ya tabbata.

Juma'a, bayan an sauko, Malam ya fito da rigar Idi. Ya rataya gafaka da maratayin da Sahabi ya mayar masa, ya ɗauki sanda, ya kama hanya. Sahabi ya bi shi a baya, taku goma tsakaninsu. Rabin unguwa suka biyo, waɗanda suka tofar da yawu su ne a gaba.

Ba iska, ba inuwa. Tun kafin su bar ganuwa zufa ta jiƙe bayan Malam, rigar ta manne masa. Idon Sahabi na kan kafaɗar nan. Wani wuri ya ga kamar duhu a gefen maratayin. Inuwar fatar ce ko rini? Ba dama ya matsa ya duba.

Malam bai yi sauri ba. Ya tsaya a fadama ya duba kunyoyin da za a gyara kafin ruwa, ya tambayi wani manomi lafiyar iyali, har da zancen iri. Sannan ya juyo.

A ƙofar gida ya tsaya, rigar sharkaf kamar an tsamo shi daga gulbi. Ya waiga cikin taron.

"Ina Na'Allah? Kai kaf fara gani wancan karo, idonka ya fi na kowa. Zo ka ɗaga."

Na'Allah ya fito yana jan takalminsa. Ya ɗaga maratayin daga kafaɗa. Ya duba gaba. Ya zagaya ya duba baya, har ya ja rigar yana neman abin da babu.

"Mi kag gani?"

Ya yi wata magana a maƙoshi.

"Ɗaga murya, yadda kaɗ ɗaga ta cikin sahu."

"Fara ce."

Daga bayan zana wata guɗa ta tashi ta katse a tsakiya, kamar an toshe bakin mai yinta. Malam ya san muryar ɗiyarsa, ya yi kamar bai ji ba. Ya dubi Sahabi, wanda ya riga ya durƙusa.

"Tashi, ɗana. Ka ce wa mahaifinka ina jiransa."

Bayan sati uku aka shafa fatiha a wannan zaure. Dodo ya zo, ya zauna a ƙarshen tabarma, ya karɓi goronsa. Na'Allah bai zo ba, kuma har yau bai taka ya ce wa Sahabi yi haƙuri ba. Yana nan yana yawo da bakinsa, kowa ya san inda yake, kuma wannan magana ba ta wuce ba sai ya faɗe ta.

Matan unguwa kam ba su sha ba. Ranar wuni Inno ta kafa kujera a ƙofar gida, ta miƙe ƙafa ta tare hanya.

"Ke, tsaya. Da mi anka rina maratayin Malam?"

"Haba Inno, ai ya wuce."

"Ga wa yaw wuce? Da mi anka rina shi?"

"Karan dafi."

"Ban ji ba. Ranar da kit tofa yawu har Sabon Gari an ji."

"Karan dafi ne!"

"Shiga ki ci tuwo."

Haka ta yi musu ɗaya bayan ɗaya, har wadda ta goyi Ashatu tana jaririya.

Kwana bakwai da tarewa, da hantsi, Sahabi na zaune a tsakar gida ya baje guntayen fatarsa. Ashatu ta kawo masa kunu ta zauna kusa, lallen hannunta bai gama fita ba.

"Mi za ka yi kuma?"

"Takalmi nike so in gwada miki. Ja."

"Ka gama shi kahin ka kawo, ka ji? Ban son a ce amarya ta taka jini."

"Ke za ki ce ya ƙare, Shatuna. Daga yau ba abin da zai fita gidan nan sai kin murza shi."

Ta miƙa masa ƙafa ya auna, tana dariya tana cewa yana yi mata cakulkuli.

Allah ya sa albarka a wannan gida, ya ba su zuri'a masu haƙurin uban da basirar uwar, ya tsare su daga bakin mutane. Amin.